Gashin Baki a Gwangwanin Taba

3 ga watan Azar (Maris)

Zuwa ga Salama Abu Mashhur, a gidan ɗansa da ke Amman.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da ɗanka Mashhur da iyalinsa, da gwiwar nan taka ta hagu. Na tambayi lafiyarka ne don haka iyaye suka koya mana, ba don ka cancanta ba.

Shekara bakwai ke nan da ka shiga motar ɗanka, wai za a duba maka gwiwa, ka bar ƙauyen nan ba ka ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. Ko akuya aka sayar takan waiwayi garke. Wannan ce wasiƙata ta bakwai, kowacce da furen dahnun na farko da na gani a shekarar, amma ko "ta iso" ban samu ba. Na san ba ka iya karatu ba. Ni ma haka, jakuna biyu ne mu, turke ɗaya. To amma gidan ɗanka cike yake da masu ilimi. Ni Ustaz Nayif nake tarewa a shagon aski ya rubuta mini, kuma na ja masa kunne: in na ce jaki, kada ya mayar mini da shi doki.

Bana ma na riga ka. Jiya da hantsi na gan shi a gindin dutsen nan mai tsaga, ja jawur, raɓa ba ta bushe a kansa ba. Ka san dokarmu: wanda ya fara gani, ɗayan ya soya masa ƙwai da ganyen ƙamshi na za'atar a bakin marmaro. Karin kumallo bakwai ke nan ka cinye mini.

Ina nan ina bin hanyarmu kowace safiya, daga bayan masallaci har marmaron ɓaure. Itatuwan lauz sun yi fure har sun fara zubarwa, hanya kamar an ɓarar da gishiri. Alhudahuda ya dawo kan tsohuwar katanga yana gyara rawani. Makwarwa suna tashi firr daga ƙarƙashin ƙafata, kullum sai gabana ya faɗi, kullum sai na zage su. Kuma Mukhtar ya farka! Kunkurun nan da ka ɗiga wa shuɗin fenti shekarar babbar ƙanƙara, muka sa masa sunan mai garinmu don ba ya sauri sai ya hango abinci. Fentin na nan. Ya nufi marmaro kamar yadda ya saba, bai manta hanya ba. Shi.

Ga abin da ya sa jinina ke tafasa. Na iske wasu mutum biyu da na'urar awo mai ƙafa uku, sun tsaya da takalmansu a tsakiyar furanni suna kafa turaku. Suka ce Mashhur ya sayar wa wani attajirin Irbid gangaren, zai gina gidan hutu. Gangaren da hanya ta ratsa!

Ka tuna ranar da aka raba gadon mahaifinku, gangaren ya faɗo rabonka. A gaban maza goma sha ɗaya ka cire sili guda daga gashin bakinka, ka ɗora mini a tafin hannu, ka ce muddin ɗayanmu yana numfashi ba mai toshe hanyar marmaro. Silin yana nan a gwangwanin tabata, naɗe cikin takarda. Ka tsawata wa ɗanka.

Wanda ka manta da shi,
Muflih Abu Hayil

19 ga watan Azar

Zuwa ga Abu Mashhur.

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiya. Ustaz ya ce gaisuwar ta yi gajarta. Na ce ta yi daidai da mai ita.

Sun ja waya, Salama. Doguwa, ta fi ni tsayi, da ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Yanzu in zan je marmaro sai in zagaya ta bakin kwalta, motoci na feshe ni da hayaƙi, tafiyar da ta fi ƙarfin ƙafata. Sai dai in tsaya ina leƙen furanni ta ramukan waya kamar mai ziyarar fursuna. Gangaren bai taɓa kyau irin na bana ba, don ya ƙona mini rai. Ja da rawaya da ruwan hoda har ƙasan kwari, ƙudan zuma kamar ana biki. Shamuwa sun wuce ta sama shekaranjiya, garke guda, suna kewaya iska ba mai kaɗa fiffike. Na ɗaga sanda na nuna wa wanda ke gefena, sai na ga ba kowa.

Na iske Mukhtar yana tunkuɗar wayar da kai, ya ja baya ya sake, har wuyansa ya goge. Na koma gida na ɗauko almakashin datse zaitun na buɗe masa ƙofa daidai jikinsa. Mai gadi ya taso yana ihu zai kira 'yan sanda. Na ce kira su, ka ce su zo da ankwa ƙarama, don mai laifin ga shi can ya shige ciyawa.

Ranar Talata na sa rigar Juma'a na tafi ofishin gunduma da gwangwanina. Na buɗe takarda a gaban magatakarda, na ce ga shaidata. Ya sa tabarau, ya cire, ya ce, "Baffa, mene ne wannan?" Na faɗa masa. Sai ya kira na kusa da shi. "Zo ka ga takardar fili! Baffa, a wane gefe zan buga hatimi?" Ɗayan ya ce a kula kada fanka ta ɗauke fayil. Na ce da shi, "Da irin wannan kakanka ya auri kakarka, je ka tambaya ko kai ma ba ka da hatimi." Suka kawo mini shayi. Ban sha ba.

Ni aka yi wa dariya, amma gashinka ne a kan tebur.

Ka san abin da hanyar nan take a wurina, kada ka sa in faɗa a gaban Ustaz. A nan matata marigayiya Fidda take yankar ganyen akkub na miya, tana cire masa ƙaya da hannu ba safa. Shekararta ta ƙarshe a kan jakinka muka kai ta marmaro, kai kana ja, ni ina riƙe da ita, tana yi mana faɗa muna tattaka furanni.

An ce motar rusau za ta zo farkon watan Nisan mai kamawa. To ka ji. In Juma'ar nan ta zo ban ji daga gare ka ba, zan tsaya a ƙofar masallaci in kira sauran mutum huɗun da suka rage cikin goma sha ɗaya, in ɗaure gashin nan a wutsiyar karen mahauci. Wallahi zan yi.

Muflih

24 ga watan Azar

Zuwa ga Mashhur ɗan Salama.

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da matarka da 'ya'yanka. Ba zan tambayi lafiyar mahaifinka ba, don yanzu na sani.

A ƙofar masallaci Abu Rakan direban bas ya riƙe mini hannun riga, gwangwani na aljihuna, na ma aika a jawo karen. Ya ce makon jiya ya kai muku man zaitun, aka bar ƙofar ɗaki a buɗe, ya ga mahaifinka. A keken guragu, rabin jiki ya mutu, harshe ya ɗaure, shekara shida da rabi ke nan. Ya ce wasiƙuna suna kan kabad ba a ko yage su ba. Ya ce da ya sunkuya ya ce masa dahnun ya fito, sai tsohon ya dinga dukan hannun kujera da hannunsa mai rai, har matarka ta shigo.

Kai kuwa duk wanda ya tambaye ka sai ka ce, "Lafiyarsa ƙalau, yana gaishe ku." Sau ɗaya na kira ka a wayar shagon aski, ka ce yana barci. Na rantse ba zan sake ba, na ce wanda ya tafi ba sallama shi zai fara nema. Kuɗin mota bai gagare ni ba, girman kai ne, wannan laifina ne, ni da Allah. Amma kai ka bar ni shekara bakwai ina zagin mutumin da ba ya iya ramawa. Mutumin da bai taɓa barin zagina ya kwana a kansa ba!

Sannan Abu Rakan ya faɗi abin da ya zaunar da ni a kan dakali. Ya ce kun aske masa gashin baki. Wai miya na ɓata shi in ana ba shi abinci. Gashin bakin Salama, da mutum ke rantsuwa da shi daga nan har kwari, kun share shi kamar ƙura don a rage wanki.

Ustaz ya ajiye alƙalami yana fyace hanci, wai furanni ke sa shi atishawa. Ɗauki ka rubuta, malam.

To ka saurara, ɗan da na yanka wa rago ranar suna. Silin da ke gwangwanina shi kaɗai ya rage a duniya daga gashin bakin ubanka. Maganar da ya ɗaura a kansa ita ce muddin ɗayanmu yana numfashi. Muna numfashi mu biyu. Ban san abin da ka sa wa hannu a Irbid ba, ban kuma damu ba. Ka je ka ce wa attajirin ya ja wayarsa baya kamu huɗu, ya gina abin da ya ga dama a sauran.

Dahnun ba ya jiran kowa. Na bakin hanya sun fara zubar da kai, na inuwar dutse ne za su kai mako guda. Ka kawo shi ranar Alhamis da hantsi, ka zo da mabuɗin ƙofar nan. Ni zan tura keken, in ya kafe a duwatsu akwai jaki. Ƙwai da za'atar ni zan kawo, na yafe bakwai ɗin. Ina son ya ga Mukhtar.

In kuma ba za ka kawo shi ba, ka zo kai kaɗai, in buɗe maka gwangwani, ka dube shi, ka dube ni, ka ce maganar ubanka ba ta da hatimi. Ɗaya daga biyu. Amma shiru ya ƙare. Ka yage ambulan wasiƙun da ke kan kabad, ka karanta masa da ƙarfi, har zagin, don zagin zai fi so. Sannan wani a gidan nan, kai ko matarka ko wanda ya iya riƙe alƙalami, ya ba ni amsa. Ina bakin wayar gangaren ranar Alhamis, da almakashina.

Baffanka,
Muflih Abu Hayil