Jan Fenti a Dutsen Bayan Gida

Mpape, Laraba

Ƙanena Nazeer,

Assalamu alaikum. Ya aiki? Na ba Yahuza direban tifa wannan takarda ne don ba na son maƙwabta su ji ni a waya.

Jiya ƙasa ta girgiza sau uku. Mutane na cewa nakiyar masu fasa dutse ce. Shekara goma sha ɗaya ina sayar musu da abinci, na san ƙarar nakiya. Wannan daga ƙarƙashin ƙafata ta taso. Dutsen bayan ɗakina ya tsage, yara sun ƙi shiga ciki. Kai ka karanci ƙasa da duwatsu, ka zo ka duba. Wallahi tsoro nake ji.

Yayarka,
Kubra

Garki, Asabar

Yaya Kubra,

Wa'alaikumus salam. Na zo na tarar kin tafi Zuba sayayya. Na sa alama biyu da jan fenti, ɗaya a kowane gefen tsagar, daidai da juna, na auna. Zan dawo bayan mako biyu. Idan gefe ɗaya ya ɗaga sama da ɗaya, to ƙasar ce ke motsi, kuma dole ku tashi. Don Allah kada kowa ya taɓa.

Ki gaida yara.
Nazeer

Mpape, Litinin

Nazeer,

Sallama. Ka yafe mini, ni na kankare alamarka da hannuna.

Kai ma dai! Jan fenti a Mpape? Ka manta abin da yake nufi? Unguwa ta tashi, wai an sa mana alamar rusau. Maƙwabciyata Maman George ta fara ɗaure kaya tana kuka. Ni kuma da guminna na gina ɗakin nan. Na ɗauki kananzir da soson ƙarfe, na goge tas.

Amma ga abin da ya hana ni sukuni. Kwatar da nake zubar da ruwan wanki, tun da na gina ta, waje take kai ruwa. Yau da safe na zuba, ina kallo ruwan ya juyo, ya dawo har bakin ƙofata. Na zura tsinke, ba ta toshe ba. Mece ce ma'anar wannan?

Yayarka

Garki, Litinin

Yaya,

Bar zancen fenti, kwatarki ta auna mini. Gefen dutsen ya ɗaga. Ban san dalili ba tukuna, kuma ba zan jira in sani kuna ciki ba. Ki kwaso yara yau ku taho gidana. Ki faɗa wa Maman George.

Nazeer

Mpape, Talata

Nazeer,

Mun kwana a wurin ƙawata Rahmatu a bakin titi, muna nan tafe gidanka. Na koma da safe ɗauko tukwanena, ƙofar da na rufe jiya da hannu ɗaya ta ƙi buɗuwa, ko da Yahuza ya sa kafaɗa.

Ka zo da fentinka. Wannan karon ni zan riƙe maka gwangwanin.

Kubra