Ƙodata Ta Dace da Jikinki

Ya ke Saudatu, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan sabuwar randa ga maƙogwaron mai azumi!

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da kika koma gidan Inna mahaifiyarki a Katagum, kika bar mini Azare tamkar kasuwar da ta watse. Ina dawowa daga makaranta bakina cike da magana, sai in tarar babu mai ƙaryata ni. Ashe haka gida ke yin faɗi idan babu mai musu a cikinsa?

Kin tuna ranar da aka yi husufin rana, muna sababbin malamai, ke kina koyar da kimiyya, ni addini? Na tara ɗalibai a gindin dalbejiya za mu yi salla, sai ga ki da baƙin gilashin masu walda, kina cewa wata ne kawai ya gitta, kuma tun makon jiya kin san sa'ar. Na ce wanda ya yanka wa watan sa'a shi muke wa sujada. Kika ce to in leƙa in ga aikinsa mana. Na leƙa. Na ga rana kamar wainar da aka gatsa, na sauke gilashin na ga fuskarki, har yau ban san wanne ya fi kaɗa mini zuciya ba. Da na ja sallar na yi sallama na waiga, kina sahun baya.

Kusan shekara ashirin muna wannan gardama, ya farin watana! A gaban kwanon tuwo, a kan babur a hanyar Misau, iska na kwashe rabin hujjarki. Lokacin da 'yarmu Jumai ta kwanta zazzaɓi, ina tofa mata addu'a kina auna mata magani, da ta miƙe kowa ya ce nasa ne ya yi aiki. Wace zuma ce ta kai waɗannan kwanaki zaƙi?

Sai ga shi ilimin da ya saba tsayar da ke shi ya karya miki gwiwa. Tun da likita ya ce ƙodojinki sun gaza, kika karance duk abin da aka rubuta, kika ce kin san mutum nawa cikin goma ke daɗewa a kan injin wankin ƙoda, ba za ki wahalar da mu a banza ba. Na ce ki dogara ga Allah. Kika ce in daina miki wa'azi, in kawo hujja. Ni kuwa na ce raunin imani ne ke damunki. Kaicona! Ke da ban taɓa riga ki tashi asuba ba. Tsoro ne ya ari bakina, ki yafe mini.

Bayan tafiyarki na je asibiti a Kano sau uku. An ɗebi jinina, an haska cikina, an gwada da sakamakonki da ke wurinsu. Takardar sakamakon ce na haɗo miki cikin wannan ambulan. Ko rabinta ban gane ba, amma likitar ta ce ƙodata ta dace da jikinki, kuma ɗaya ta ishe ni rayuwa. Ni na kira wannan ikon Allah. Ke ki kira shi duk sunan da littattafanki suka ba shi, amma ki dawo ki faɗa mini da bakinki.

Ranar Asabar da hantsi zan zo a motar Babagana maƙwabcinmu. Ba zan yi wa'azi ba. Zan zauna a zauren Inna har ki gama bin takardar layi-layi. In kin sami kuskure, ki fito ki nuna mini. In ba ki samu ba, ya ke rabin raina, ki ɗauko mayafinki.

Naki a lafiya, naki a jinya, naki har ranar da za a tashe mu,

Abdulrahim