Kaset ɗin Malam Jumare

Kebbe,
9 ga Maris, 1981.

Zuwa ga aminina Alhaji Maccido, Tambuwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinka, ina fatan kana lafiya, da Hajiya Fadima da yara duka. Yaya ƙafar Inna? A ci gaba da shafa mata maganin da na bari, safe da marece. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara, da aikin asibitin sha-ka-tafi da ba ya ƙarewa.

Wasiƙarka ta iso ni ta hannun Na'iya direba. Na ji ka sa kafinta ya haɗa maka kabad mai gilashi don ajiye kaset-kaset na bidiyo, kuma za ka Kano ƙarshen wata ka ciko shi. Madalla, Allah shi sa albarka. Amma da na kai wurin da ka ce wani Malam Jumare, sabon malamin sakandare da ya dawo karatu daga Turai, shi ne ya rubuta maka sunayen finafinan da sunka cancanci ajiya, sai da na maimaita layin sau uku. Sunan mutumin ga ya fito sau tara a wasiƙa mai shafi biyu. Nawa sau ɗaya, shi ma a saman takarda.

Maccido, ni da kai fa munka fara kallon majigi a bakin kasuwa, muna zaune a ƙasa da wandunan makaranta. Ni da kai munka riƙa hawa bayan mota zuwa Sakkwato don silima. Tun sannan wa ke gaya maka abin da anka ce? Ba na jin Indiyanci, kowa ya sani, amma fuskar mutum nake kallo in faɗi abin da ke ranshi, kuma ban taɓa ganin ka tashi ba ka gamsu ba. Da ka sayo bidiyo daga Makka bara, wa Inna ke cewa a jira kafin a tada janareta? Canjin wurin aiki ya kawo ni Kebbe, ai ba mutuwa na yi ba.

To ga ra'ayina, ko da ba a nema ba. Fim ɗin da ake ajiyewa a gida shi ne wanda za a kalla sau goma ba a gaji ba. Shi kasance da waƙa, da uwa mai haƙuri, da mugu wanda zai sha kashi kafin a tashi. Wanda Inna za ta gane, yara su gane, baƙo daga Jabo shi zauna shi gane. Ka ce Jumare ya ce irin waɗannan na kallo ne a manta, wai na ajiya su ne tsofaffi masu baƙi da fari, na Japan da Italiya da ban san ina ba, waɗanda masana sunka yarda da su. Waɗanne masana? Sun taɓa zama a falonka? Ka sayi talabijin mai kala, mutum shi zo shi maishe ka baƙi da fari, kuma kana godiya.

Na rubuta maka nawa jerin, guda goma sha fuɗu, a bayan takardar ga. Ran Asabar in Allah ya yarda zan hawo babur in zo in ga wanga masani da idona. A gaya ma Hajiya ta dama fura da yawa.

Ka gaida mini kowa.

Naka har kullum,
Bube.

Kebbe,
16 ga Maris, 1981.

Alhaji Maccido,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan gida lafiya. Na iso kalau, duk da hanyar ta kusa karya mini ƙugu. Ka ba Inna haƙuri, na taho ban shiga na yi mata sallama ba.

Ba zan yi ma Jumarenka ƙarya ba, yana da ladabi, ya tashi ya gaishe ni da hannu biyu. Amma abu na farko da idona ya gani da na shigo bayan azahar, shi ne tsugune gaban bidiyo yana danne-danne. Na'urar da ka hana kowa taɓawa, har ni da munka girma tare. Sannan ya tsaya ya yi mana lacca kan kaset ɗin da ya zo da shi daga Turai, wai duk cikin kayanshi babu kamarshi, wai ko a Legas ba za a samu irinshi ba. Kai kuwa kana gyaɗa kai kamar ana karatun tafsiri.

Kuma mi munka gani? Wani tsoho mai gyaran takalma a garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Babu waƙa, babu faɗa, babu ko doki ɗaya. Tsoho ya buɗe shago, tsoho ya zauna, ɗiyarshi ta kawo abinci, ta tafi. In sun ga dama su furta kalma biyu, rubutun Turanci shi bayyana a ƙasa shi ɓace kafin mutum shi gyara tabarau. Na duba agogo, minti biyar cur bawan Allah yana fama da zura zare a allura. Wanga abu ne za ka sa a kabad mai gilashi ka bar ma ɗiyanka?

Na ga mutane sun fara hamma, Ɗanmaliki maƙwabcinka har ya jingina da bango. Don in ceci zaman na fara yi masu fassara yadda na saba, na ce tsoho na cewa allurar ga ta shige shi taurin kai. Falo ya ɗauki dariya. Sai mutuminka ya ɗaga mini hannu, a gaban kowa, ya ce: “Malam Bube, don Allah a bar fim ɗin shi yi magana da kanshi.”

Ban ji zafin maganarshi ba, baƙo ne, bai san ni ba. Kai na duba. Shekara talatin ina zama a damanka ina ba ka labari, ran nan ka kafa ma talabijin ido kamar ba ka ji komai ba. Ko tari ba ka yi ba, Maccido. Shi ya sa na fita kafin a ƙare. Da kunka tafi sallar la'asar na koma na ɗauki jakata na kama hanya.

Kada ka ce na yi fushi. Ni wa, da zan yi fushi? Ni ɗan sha-ka-tafi ne mai wanke gyambo, ban je Turai ba. Jerin da na ba ka kuwa, in ya tsare maku wuri, a ba Hajiya ta kunna wuta da shi.

A gaida yara.

Naka,
Bube.

Kebbe,
6 ga Afrilu, 1981.

Aminina Alhaji,

Bayan gaisuwa, ina fatan ka dawo Kano lafiya, da gajiyar hanya. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, musamman da ka ce ba ka lura raina ya ɓaci ba ran nan. Ya wuce. Kuma na gode da ka sayo duka goma sha fuɗun da na rubuta, ko da yake na lura ka ce a layin ƙasa ka jera su.

Ashe kaset ɗin mai takalma ya ɓace! Allah shi bayyana. Ka ce an kakkaɓe falo, an duba ƙarƙashin kujeru, an tambayi matan gida, kuma Jumare na ta zarya yana cewa a hannunka ya bar shi. Ni dai ba na son shiga tsakanin mutum da sabon abokinshi. Amma tunda ka nemi shawarata, ka tambayi kanka: wa ya san darajar abin ga in ba mai shi ba? Ɗanmaliki da ya yi barci zai ɗauka? Wa ke shiga falonka yanzu ba sallama? Mutum na iya maida kayanshi gida shi manta. Yana kuma iya tunawa sarai, shi bar ka da jin kunyarshi, don gobe duk abin da ya ce ka saya ba ka iya musu. Ban ce haka anka yi ba. Watanni nawa ne ma da saninka da shi?

Aikin rigakafi ya tsare ni, amma ina nan tafe in an sarara.

Amininka na tun fil azal,
Bube.

Kebbe,
27 ga Afrilu, 1981.

Maccido,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali da Inna. Ka karanta wagga kai kaɗai tukuna, kuma kada ka buɗe ƙunshin da Na'iya zai ba ka sai ka kai ƙarshe.

Da ka rubuto cewa ka faɗa ma Jumare a fuskarshi cewa shi ya ɗauke kayanshi, kuma ya daina zuwa gidanka, ka ce in zo mu buɗe sababbin finafinai, na yi murna. Kwana uku ina murna, har masu jinya sunka ce fuskata ta sake.

Ran Alhamis da hantsi sai ga Jumare a ƙofar asibiti, bisa babur ɗin aro, ya faɗi a hanya ya kuje gwiwar hannu. Na wanke mashi, na ɗaure. Ya ce wurina ya zo. Ya fara da ba ni haƙuri kan hannun da ya ɗaga mini, ya ce sai daga baya ya ji ko ni wane ne a gidan. Ya ce tun da ya san ka, ba a taɓa kallon fim an tashi ba ka ce da Bube na nan da ya faɗi kaza ba, har shi ma abin ya fara ba shi haushi. Ya ce kaset ɗin wani tsohon malaminshi ne ya naɗa mashi da hannunshi a can, kuma malamin ya rasu. Amma ya haƙura da kaset. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce mashi maƙaryaci a garin da ba shi da kowa. Sai ya ce: “An ce kai kaɗai Alhaji ke jin maganarka. Ka gaya mashi ban ɗauka ba.”

Yana wagga magana yana zaune a benci, jingine da firjin kananzir da muke ajiye allurar rigakafi. Ya nemi ruwan sanyi. Na buɗe firjin, na kare da jikina, na miƙa hannu ta gefen kaset ɗinshi na ɗauko mashi kwalba. Ya sha, ya yi mini addu'a.

Ni na ɗauka, Maccido. Lokacin da kunka tafi la'asar na same shi bisa kabad na jefa a jaka.

Kuma ƙarya na yi maka da na ce shirunka ya kore ni. Ka tuna shekarar da Babana mai ɗinkin hula ya riƙa kirana in zura mashi zare, wai hannunshi da maiƙo, alhali idonshi ne ke tafiya yana ɓoye mana, yana ta ɓata hulunan mutane? Tsohon ga haka ya yi. Ya juya ma ɗiyarshi baya don kada ta gani, ya laluba bakin allura da yatsa. Na yi barkwancin nan ne don kada a gane abin ya taɓa ni. Da anka hana ni magana sai hawaye sunka zo, na fita kafin Ɗanmaliki shi farka shi gan ni. Ban taɓa ganin fim da ya yi mini haka ba, kuma ba ni na kawo maka shi ba. Da banza ne, wallahi da na bar maku abinku. Kishi ne, ba wani suna gare shi. Na kasa jure a ce za ku sake zama ku biyu ku kalle shi, kuna gyaɗa ma juna kai, ni ina Kebbe.

Ka ga wautar, na kawo shi garin da babu bidiyo babu lantarki. Na ji ana cewa zafi na lalata kaset, ɗakina kuwa kwano ne, sai na naɗe shi da jarida na sa a firji don kada komai shi same shi. Kananzir ya yanke mana sau biyu a watan ga, ƙanƙara ta narke. Bayan tafiyar Jumare na warware jaridar. Takardar jikin kaset ɗin da malamin ya yi rubutu a kai ta jiƙe ta saɓule, rubutun ya wanke. Ta ɗan gilashin jikinshi ina hango fumfuna fara bisa zaren kaset ɗin. Na shanya shi a inuwa kwana uku. Ban sani ba ko zai yi. Kada ka sa shi a na'urarka sai wanda ya san aikin ya duba.

Ban iya gaya ma Jumare ba ran nan, na bar shi ya hau babur da ciwo yana gode mini. Ka kira shi ka karanta mashi wagga takarda, da wadda na rubuta maka ran shida ga wata, kada ka tsallake ko layi ɗaya. Ka yi a gaban waɗanda sunka ji ka kira shi maƙaryaci.

Ran Asabar zan zo bayan azahar. Ba zan shigo falo ba, a zaure zan tsaya inda baƙi ke tsayawa. In ka aiko a shigo da ni, to. In har anka kira la'asar ba wanda ya fito, zan gane, in yi sallata a masallacin ƙofar gidanka in koma Kebbe. Abu ɗaya nake roƙo, kada a gaya ma Inna dalili, a ce mata aiki ne ya yi mini yawa.

Allah shi ba ka haƙurin karanta wagga. Wassalam.

Ni ne,
Bube.