Makullin Babur ɗin Baba

Assalamu alaikum, ƙanina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da ƙananan yaran. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya yi wa aikinka albarka, Ya sauƙaƙa muku zaman nesa da gida. Mu nan kowa ƙalau. Gwiwar Baba ta warke, sai ɗan tabo da yake nuna wa duk wanda ya zo dubiya. Inna tana nan da ƙarfinta da faɗanta. Ni kuwa makaranta ta sa ni gaba, jarrabawa ta matso, ɗalibai sun fara tuna cewa suna da littattafai.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon waya, domin a waya kai ba ka bari a kai aya. Tun ranar da Baba ya hau tulin yashin da magina suka zube a bakin hanya, ya faɗi da Inna a bayansa, ka ce in karɓe makullin babur ɗin, idonsa ya gaji. Na fahimce ka sarai, ni ma hankalina ya tashi. Amma ka san abin da makullin nan yake nufi. Da shi suke tafiya shagon ɗinki kusan kullum shi da Inna, yana kan keken ɗinki tana sa maɓalli, su dawo tare bayan magariba. In aka karɓe shi, shago ya rufu ke nan, kuma ka san Baba ba mutumin zaman tabarma ba ne. Da na gaya masa saƙonka, sai ya tashi ya shiga goge babur ɗin da ba shi da ƙura.

To, 'yarka ce ta shiga maganar, babbar, wadda Baba yake kira Sarkin Tambaya. Ka bar mana ita don karatu, ga shi mu muke karatu a wajenta. Ita ke buɗe musu ƙofa in sun dawo, sai ta ce mini ta daɗe da lura da wani abu: ranar da Baba ya dawo shi kaɗai, hasken fitila a kan ƙofar gida yake sauka, ranar da ya ɗauko Inna kuwa, ganyen bishiyar maƙwabta yake haskawa. Ta tambayi Baba ko masu tahowa daga gaba suna yi masa wani abu. Ya ce ai kullum sai sun ƙifta masa fitila, wasu har da baƙar magana, shi ya ɗauka tarbiyya ce ta yi ƙaranci a gari. Ta ce wataƙila ba idonsa ne ya daina ganin hanya ba, fitilar ce ta daina kallonta.

Da rana ta faɗi sai ta tara mu a tsakar gida. Ta sa aka ƙara wa tayoyi iska, ta tsayar da babur a inda ƙasa ta daidaita, yana fuskantar bangon ɗakin girki daga can ƙarshen tsakar gidan. Ta auna tsayin fitila daga ƙasa da abin awon Baba na ɗinki, ta je ta ja layi da alli a bango daidai wannan tsayin. Allin ma daga jakata ta zaro, ba ta ko nemi izini ba. Baba ya hau ya kunna hasken kusa, haske ya tsaya wajen layin. Sai ta ce Inna ta hau. Ƙanina, da idona na ga hasken nan ya bar layi ya haye can kusa da rufin kwano. Bayan babur ya nutse, gaba ya ɗaga. Ashe bakanike ya saita fitilar ne babur yana tsaye ba kowa a kai, kuma ba laifinsa ba ne, ba wanda ya gaya masa mutum biyu ke hawa.

Inna fa ta ce ba ta yarda ba, wato ita ce ta yi nauyin da za ta ɗaga fitila sama? Ta ce ƙunshin yadin da take riƙewa ne, kuma Baba ma ai ba kara ba ne. Baba ya ce shi bai ce komai ba, bango ne ya yi magana. Sarkin Tambaya ta yi maza ta ce laifin shokazoba ne, ƙarfen da ke ɗaukar nauyi a bayan babur, ya tsufa ya saki, ko ɗan tsako ya hau sai ya nutse. Inna ta ce yawwa, yarinya mai hankali, a gaya wa shokazoba ya ji kunya. Ni malama ce, na san yara masu ƙwaƙwalwa da yawa, amma wanda zai faɗi gaskiya ya kuma bar kowa da mutuncinsa, ba kullum ake samunsa ba. Haka suka zauna su biyu a kan babur da ƙunshin yadinsu, yarinyar kuma ta sassauta notin da ke riƙe da kan fitila, tana sunkuyar da shi a hankali har saman hasken ya sauka ƙasa da layin da kamar faɗin yatsu uku, sannan ta ɗaure.

Saura magana ɗaya, kuma kada ranka ya sosu. Farin ƙwan fitilar nan mai ƙarfi da ka aiko wa Baba, da kyakkyawar niyya ka aiko, shi ma yana alfahari da shi. Amma a bango mun ga haskensa ba shi da iyaka, ya watsu ko'ina kamar an fesa ruwa. Sarkin Tambaya ta bayyana mana cewa madubin da ke cikin kwanon fitila an ƙera shi ne don irin tsohon ƙwan, wanda haskensa ke fitowa daga wuri guda. In aka sa wani iri, sai ya kashe wa na gaba ido, hanya kuma ta zauna a duhu. Allah Ya taimaka Baba ba ya zubar da komai, tsohon ƙwan da ya mutu yana cikin gwangwanin maɓallai. Washegari ta ɗauke shi muka tafi wajen mai kayan gyara. Ta gwada gindinsa da na sabo ta ga sun dace, ta karanta lambobin da ke jiki, ƙarfin batir da ƙarfin wuta, ta ce irinsa sak take so. Mai shago ya fito da wani ya ce wannan ya fi wuta, rana ce a kwali. Ta yi masa godiya, ta ce rana za ta narkar da mazaunin ƙwai ta shanye batir, su hanya kawai suke son gani. Ya yi dariya ya ce in ta gama makaranta ta zo ya ba ta shago. Ya kawo mata irin wanda take so muka saya, da za ta sa shi a gida ma da ƙyalle ta riƙe, wai maiƙon yatsa yana rage wa gilashin kwana. Ta sake duba layin bango kafin ta ce an gama.

Da dare ya yi, Baba ya zaga unguwa da Inna ya dawo yana cewa ashe ramukan layinmu sun kai haka yawa. Na ɗauka magana ta ƙare, sai yarinyar nan ta durƙusa kusa da shi ta ce tunda an auna fitila, saura a auna mai fitila, domin babanta ma yana da gaskiyarsa. Da ni ko kai muka faɗi haka, ka san amsar da za mu samu. Ita kuwa sai ya dube ta ya ce to. A ƙofar asibitin ido ya ciro makullin ya sa mini a tafin hannu, ya ce in likita ya ce a'a, kada in mayar masa, kuma kada in ji nauyinsa. Na zauna a benci da makullin nan a hannu, ban taɓa jin ƙaramin ƙarfe ya yi nauyi haka ba. Likita ya ce idon yana buƙatar tabarau, ya rubuta masa, ya ce da shi zai iya tuƙinsa, a dawo a sake dubawa baɗi. Da muka fito na miƙa masa abinsa. Ya jefa a aljihu, ya ce in yi sauri Inna tana jira a shago.

Saboda haka makulli yana wajen mai shi. In ka kira, ka tambaye shi tabarau, yana son a ce ya yi masa kyau. Ka kuma nemi 'yarka ka sa mata albarka da bakinka.

Inna tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan auta. Baba yana gaisuwa, Kawu da Gwaggo ma haka. Ka gaida maiɗakinka da kyau, ka ce mata ta haifa mana abin alfahari. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Malama