Ƙwallon da Na Jefa Saboda Anyelo

Iowa, farkon Agusta

Yudelka tawa,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da Ramoncito da Mama. Ya ƙafarta? Ni kafaɗa ce, kullum tana cikin ƙanƙara, amma hannun yana jifan ƙwallon besbol kamar kullum.

An ce a Satumba babban kulob zai ɗauki mutum ɗaya daga cikinmu, mu 'yan ƙaramar gasa, kuma an ambaci sunana. Kin san tun kafin a haifi Ramoncito nake jiran wannan kira.

Sai ga Anyelo, mai bugu a kulob ɗinmu, yaron nan ɗan garin Baní na ƙasarmu da ke cinye mini shinkafa da wake. Duk bazara ko kwandon shara aka jefa masa ba zai buga ba. Ni na ce masa kafaɗarsa tana tona masa asiri, kowane mai jifa yana karanta shi. Ya gyara. Yanzu kullum sai ya tsallakar da ƙwallo katanga. Yana ce mini, "Tsoho, ka huta, zan ɗauke ka aikin riƙe mini jaka." Ina dariya, amma abincin ba ya wuce mini.

Kin ce Ramoncito yana son ƙwallon besbol da sa hannun Anyelo. Ubansa fa, hannunsa ya karye ne?

Mijinki,
Eusebio

Iowa, ƙarshen Agusta

Yudelka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki zauna kafin ki karanta.

Ranar Lahadi yaron ya yi wani bugu da ban taɓa ganin irinsa ba. Maimakon ya sunkuyar da kai ya ruga, sai ya tsaya yana kallon ƙwallon, ya cilla sandar sama kamar yana filinmu na gida a San Pedro. A gida tafi za a yi masa. A nan zagi ne, na kuma sha gaya masa. Da ya dawo bugu, mai jifan abokan karawarmu ya ɗirka masa ƙwallo a haƙarƙari, ya zube yana neman numfashi.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji sanyi a raina. Allah ya yafe mini.

To, kin san al'adar. An taɓa naku, mai jifanku ya rama, in ba haka ba gobe kowa ya mai da yaron abin saiti. Ni ne kuma zan hau jifa. Alƙalin wasa ya riga ya yi gargaɗi: wanda ya sake, kora da dakatarwa. Mutumin babban kulob yana zaune bayan raga, ni ya zo gani. Ba mai ce maka ka rama. Koci ya tsura wa takalminsa ido. Mai cafke mini ƙwallo ya zo ya ce, "Eusebio, in ba ka rama ba, ba wanda zai ga laifinka." Ƙarya yake, shi ma ya sani.

Na waiga na ga Anyelo a benci, riƙe da gefensa, yana kallona kamar yadda Ramoncito yake yi idan kare ya biyo shi. Na so in bar shi ya ɗanɗana. Amma ni ma wani tsoho ya taɓa rama mini, ko sunana bai iya faɗa ba.

Na sami gwaninsu da ƙwallo a cinya, ban nufi kai ba. Aka cika fili, aka yi ta ture-ture da zagin uwa. An dakatar da ni har wasannin da suka rage su ƙare.

Kada ki gaya wa Mama tukuna.

Eusebio

Iowa, Satumba

Yudelka tawa,

Na ga saƙonki, na gode da ba ki yi faɗa ba. Ina fatan kowa lafiya.

Anyelo babban kulob ya kira. Ya cancanta, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Da bai iya ba, da na sami abin zagi. Ya zo ɗakina da jakarsa yana kuka, wai, "Tsoho, wurinka na ci." Na ce masa, "Rufe mini baki, jariri. Ka buga ka ruga, can ba ni da hannun rama maka." Na raka shi mota. Ban iya rungumarsa ba, kafaɗa na dafa masa.

Jiya na gan shi a talabijin cikin farar rigar babban kulob. Na kashe, na zagaya ɗaki, na sake kunnawa.

Ina tafe mako mai zuwa. Ki tanadi ayaba, na gaji da burodin mutanen nan. Maganar ko zan dawo wasa baɗi, sai mun zauna.

Ƙwallon Ramoncito yana cikin jakata, Anyelo ya cika gefe guda da sunansa. Nawa yana ɗaya gefen, ƙarami. Kada ki nuna masa. Ina so in ga ko zai juya shi da kansa.

Mijinki,
Eusebio