Inci Huɗu a Rigar Malama

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Na tafka abin kunya, bakina ba zai iya faɗa a waya ba, shi ya sa na rubuto.

Kin san Malama, mai koyarwa a makarantar bayan shagona, wadda mijinta ya rasu shekara biyu ke nan. Sau uku tana kawo riguna in buɗa mata ƙugu. Inci huɗu cikin wata biyar! Ranar nan shago cike da mata, na ɗaga rigarta na ce wa mai kitso, "Tef dai ba ya ƙarya." Wallahi iyakar abin da na ce ke nan. Kafin sati, magana ta bazu wai ciki ne da ita, iyaye sun kai ƙara makaranta, aka ce ta zauna a gida.

Jiya na ji an kwantar da ita a asibiti. Ashe ƙari ne a cikinta, jibi za a yi mata aiki. Sai istigfari nake, ko zare na kasa zurawa a allura.

Ki gaida kowa.
Autarku

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, amma takardarki ta ɓata min rai.

"Iyakar abin da na ce," ko kunya! Me ya rage ba ki faɗa ba? Baiwar Allah ta cire mayafi, ta ɗaga hannuwa kika zagaya ta da tef don ta amince da ke. Awon nan amana ne.

Istigfari yana da kyau, amma wannan haƙƙin mutum ne, sai mai shi ta yafe. Kin ce jibi. In ba ta farka ba, wa za ki roƙa? Ajiye carbin nan ki tafi.

Allah Ya shirye mu.
Yayarki

*

Malama,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Allah Ya sa kaffara ne.

Na zo har ƙofar ɗakinku, na hango 'yarki tana miki fifita, na kasa shiga. Shi ne na ba ma'aikaciyar jinya wannan.

Ni ce na fara maganar. Ba mai kitso ba, ni. Na ga awo, na yanke hukunci, na ci namanki a gaban mutane. Yau na je wurin shugaban makaranta na faɗa masa ni ce na yi miki ƙazafi, ko kallona bai yi ba, kuma da gaskiyarsa. Ba ni da hujja ko ɗaya. Don girman Allah ki yafe min.

Mai jin kunyarki,
Tela

*

Tela,

Wa alaikumus salam. Na farka, alhamdulillahi. Ki yi haƙuri da sati uku na shiru, hannun ne ba ƙarfi.

Na san ke ce tun farko, ke kaɗai kika taɓa auna ni. Na yafe tun kafin a shiga da ni ɗakin tiyata, ban so in gamu da Ubangijina da kowa a zuciyata. 'Yata ce har yanzu ba ta son fita, yara suna tsokanarta.

Rigunan nan sun yi min yawa. Zan zo da su tare da 'yata ranar Asabar, lokacin da shago ya cika. Ki auna ni, ki faɗi awon da ƙarfi.

Na gode.
Malama