Madarar da Na Karanta wa Kawu

Daren Juma'a, Ƙaura

Bakina ya sake ja mini. Jiya na sayo madarar roba a kasuwar Shinkafi, jar nan mai ƙamshin alewa, na hana yara wai ta manya ce. Sai ga Kawu Ɗanladi daga Banga. Ya jujjuya robar ya ce, "Ɗan boko, mi anka rubuta nan? Ka san likita ya hana ni suga."

Ni da na gudu daga firamare tun aji huɗu, amma duk dangi ni ake miƙa wa takarda. Rubutun ƙanana ne kamar kiyashi. Na ɗaga robar, na motsa leɓe kamar mai lazimi, na ce, "Madara ce zalla, Kawu." Ya sha kofi biyu.

Yanzu yana kwance a asibiti. Malamar jinya ta ce abin da ya sha suga ce da kala da ƙamshi, madarar leƙowa kawai ta yi.

Da na dawo gida na goge harshena da asuwaki, jan madarar ya fita, ƙamshin ya ƙi barin ɗakin nan. Da na rufe ido sai in ga Kawu yana lasar leɓe yana sa mini albarka.

Ɗazu da zan fito daga asibiti Kawu ya riƙe hannuna. "Gobe ka zo ka karanta mini takardar magani. Kai ɗai na yarda da kai."

Zan je. Amma kafin ya miƙo takardar, sai na faɗa masa ajin da na tsaya.